WUTSIYAR DOKI: CIYAWAR DA BA TA FURE, BA TA ƊIYA



Waɗanda ke samun takardun aikin garka na faransanci, ko suka sa ɗansu na lakwal ya karanta musu, sun sha cin karo da wata kalma: prêle. Takardun suna cewa a dafa ta, a tace, a fesa ma tumatir don ya tsira daga ciwon ganye. A shagunan magani na Turai kuma ana saida ta busasshiya cikin ƙunshi, ana sha kamar shayi. Wani lokaci ƙunshin yakan biyo matafiya har ya iso garuruwanmu. Mai garka ya ji haka, sai ya ɗauki lauje ya nufi fadama nemanta.

To, ku aje laujen tukuna. Wannan ciyawa ba ta fita a ƙasarmu. Ko kun bi gulbin Maraɗi daga kai har gindi, kun kewaye Maggiya da Korama, ba za ku gan ta ba. Amma ya kamata ku san kamanninta, domin wanda bai san abu ba ana iya saida mishi wani da sunanshi. Kuma tana da wata ƴar'uwa mai dafi da ta yi kama da ita ƙwarai, har a can ƙasarsu ana ruɗewa.

SUNANTA DA ƘASARTA

Ba ta da suna a Hausa, tunda ba tamu ba ce. Faransawa suna ce mata prêle des champs, wato ta gona. Mutanen ƙauyensu kuma suna ce mata wutsiyar doki ko wutsiyar ɓera. Masana tsirrai na duniya duka suna kiranta da suna ɗaya na latinanci, Equisetum arvense, wanda wani malami ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linné ya rubuta cikin littafinshi a 1753. Equus doki ne, seta gashi mai tauri, arvense kuma na gona. Saboda haka a nan za mu riƙa ce mata wutsiyar doki. Ku kwafe sunan latinancin a littafinku na karatu, domin shi ake rubutawa a bayan ƙunshi.

Ƙasarta ita ce arewacin duniya mai sanyi: Turai, Rasha, Sin, Japan, Kanada da Amurka. Tana son wurin da ƙasa ke riƙe laima a ƙarƙashi, kamar gefen gona, bakin rafi, gefen hanyar mota, har tsakanin duwatsun hanyar jirgin ƙasa. Haki ce, manoman can suna kuka da ita yadda muke kuka da aya-aya, wadda wasu ke kira jiji.

KARA NA FARKO

Hatsi yana bununi ya yi ƙwaya. Wake yana fure ya yi kwanso. Ko karangiya da ɗiyanta take yaɗuwa. Ita wutsiyar doki ba fure, ba ɗiya, ba irin da za a aje a rumbu. Kuma saiwarta ɗaya tana fitar da kara iri biyu cikin shekara, kowane da lokacinshi. Sun sha bamban har wanda bai sani ba zai rantse ciyawa biyu ce.

A watan Maris da Afrilu, lokacin da sanyin Turai ke wucewa, saiwa tana turo kara na farko. Ba kore ba ne. Launinshi fari-fari ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, kamar tsohon karan dawa. Yana da laushi da ruwa-ruwa, ba shi da reshe ko ɗaya. Tsawonshi santimetir 10 zuwa 25, bai kai fensir kauri ba. A kanshi akwai wani abu kamar ƴar ƙaramar zangarniyar hatsi, tsawonta santimetir 1 zuwa 4. In kun dube ta kusa za ku ga ƴan fayafayi masu kusurwa 6 sun jeru, sun manne da juna kamar saƙar zuma. Ƙarƙashin kowane faifai akwai ƴan jakunkuna cike da wani koren gari.

Wannan gari shi ne a madadin iri. Kun san baƙin garin da ke fita daga kan dawa mai burtuntuna. Ba ƙasa ba ne, ƙwayoyi ne masu rai da iska ke ɗauka. To, garin wutsiyar doki irin wannan ƙwaya ce, sai dai ita ba ciwo take kawowa ba, ciyawa take haifarwa. Da faransanci ana ce mata spore.

Akwai abin sha'awa a jikin ƙwayar. Kowace tana da ƴan hannuwa 4 sirara kamar zare. In iska ta bushe sai su miƙe, iska ta samu wurin kamawa. In laima ta zo sai su naɗe jikin ƙwayar. Wanda ya sa su ƙarƙashin madubin likita mai girmama abu, ya hura musu numfashi, zai ga suna motsi kamar ƙananan ƙwari.

Ƙwayar ba ta da dogon rai, kwanaki ne kaɗan. In ta dace ta faɗa kan jiƙaƙƙen laka, sai ta tsiro ta zama wani ɗan koren abu shimfiɗaɗɗe da bai kai farcen jariri ba. A jikinshi ake samun ɓangaren namiji da na mace. Dole ne ƙwayar namijin ta yi iyo cikin ɗan ruwan da ke kwance kan laka kafin ta iske ta macen. Daga nan sabuwar ciyawa ke fitowa. In wurin ya bushe kafin haka, shi ke nan, aiki ya lalace. Kun ga ke nan rana irin tamu ta watan Afrilu ba za ta bar ta ta kai ko'ina ba.

Da garin ya watse, aikin kara na farko ya ƙare. Sai ya yanƙwane ya faɗi. A Japan ba a barin shi ya kai haka. Mutane suna tsinke shi yana ɗanye, su cire ɓawon gaɓoɓin, su dafa su ci. Suna kiranshi tsukushi.

KARA NA BIYU

Bayan na farko, sai kore ya fito. Shi ke tsayawa har ƙarshen damanarsu, shi ake yankewa a busar, kuma shi ne cikin ƙunshi. Don haka shi ya fi cancanta ku sani.

Tsawonshi daga santimetir 10 har 90, amma galibi bai wuce gwiwa. Kaurinshi milimetir 3 zuwa 5. Gaɓa-gaɓa ne kamar rake, sai dai cikinshi akwai rami. In kun yanke shi kuka dubi bakin yankan, za ku ga rami ɗaya a tsakiya wanda bai kai rabin faɗin karan ba, da wasu ƴan ramuka a kewaye da shi. In kun ja shi da hannu biyu, daidai kan gaɓa yake zarewa, kuma kuna iya maida shi yadda ake haɗa tiyo da tiyo a garka. A jikinshi akwai layuka masu tudu daga sama har ƙasa, 6 zuwa 18 ko kusa da haka. In kun shafa za ku ji kaushi.

Ina ganye? Yana nan, amma ya ƙanƙance har ba a gane shi. A kowace gaɓa akwai wani ɗan kube da ya kewaye kara kamar zobe, da ƴan haƙora masu baƙin tsini a bakinshi. Waɗannan haƙora su ne ganyen. Ku ƙirga su, ku ƙirga layukan kara, za ku tarar lissafin ya zo ɗaya. Tunda ganye bai da girman da zai yi aiki, kara da rassa ne ke shan rana suna yi ma ciyawar abinci.

Rassan suna fita daga gindin kuben, a kewaye, kamar ƙarafan laima, suna kallon sama. Su ma gaɓa-gaɓa ne, sirara, galibi masu kusurwa 4, kuma cikinsu a cike yake, ba rami. In ciyawar ta cika girma aka kifa ta, sai ta yi kama da gashin wutsiya. Nan sunan ya samo asali.

Kaushin nan da muka faɗa, daga wani sinadari yake zuwa mai suna silis. Shi ne abin da aka yi rairayi da shi, kuma shi ke sa ƙaiƙayin shinkafa kaushi. Wutsiyar doki tana zuƙo shi daga ƙasa ta tara a fatarta. Matan Turai na da suna dunƙule ta su goge tukwane da kwanonin ƙarfe da ita, yadda namu ke yi da toka da rairayi. Har yanzu ɗaya daga cikin sunayenta da jamusanci yana nufin ciyawar goge kwanon kuza.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Duk abin da muka bayyana, kaɗan ne daga jikin ciyawar. Babban jikin yana ƙasa. Abin da muke kira saiwa tun ɗazu, a gaskiya kara ne da ke tafiya cikin ƙasa, irin na kiri-kiri. Baƙi ne ko ƙasa-ƙasa mai duhu, da gashi mai laushi a jikinshi, shi ma gaɓa-gaɓa. Wani yana tafiya a kwance, wani yana nutsewa. Yakan nutse metir 1 da rabi, wani wuri har metir 2, ya fi tsayin mutum. A kan wasu gaɓoɓin akwai ƴan ƙullutu kamar aya, inda take aje abincinta na lokacin sanyi.

To, ku yi tunani. Hauya tana shiga santimetir nawa? Garmar shanu fa? Ko tarakta ba ta kai rabin wannan zurfi. Manomi ya nome, ya ga gona ta yi tas, bayan ƴan satuttuka sabon kara ya fito. Abin da ya fi muni, garma tana yanka saiwar gunduwa-gunduwa, kuma kowace gunduwa mai gaɓa tana iya zama sabuwar ciyawa. Mai huɗa yana tsammani kashe ta yake, alhali dasa ta yake. Maganin haki na fesawa ma bai cika cin ta ba. Ba ta da faffaɗan ganyen da magani zai zauna a kai, fatarta tana da tauri, kuma abin da ya shiga bai isa ya bi saiwar har ƙarshe ba.

Manoman can sun gane abu biyu ke karya ta. Ba ta son inuwa, don haka suna shuka abin da ke rufe ƙasa da wuri. Kuma in ana yanke koren karan duk lokacin da ya fito, shekara da shekaru, abincin da ke cikin ƙullutun yana ƙarewa. Inda ruwa ke kwanciya kuma suna gina mishi hanya ya fita.

Masu albasa na Galmi da masu aiki a filin Jiratawa, na san wannan labari bai zo muku baƙo ba. Haka aya-aya take. Sare ta a sama aikin banza ne in ƙullutun na ƙasa. Ita dai muna da makamin da Turawa ba su da shi, wato ranar bazara. A tono ƙullutun, a bar su a fili su bushe ƙurmus, sai su mutu.

ƳAR'UWARTA MAI DAFI

Dangin wutsiyar doki da suka rage a duniya kamar iri 15 ne. Wadda ya kamata a kiyaya ita ce ta fadama, Equisetum palustre, da faransanci prêle des marais. A Turai sau da yawa suna fita kusa da juna. Tana ɗauke da wani dafi mai suna palustirin da ke kama shanu: nono ya ragu, zawo ya zo, saniya ta rame. Ko an busar da ita dafin bai fita.

Ga yadda ake raba su. Ku kama reshe ɗaya daga tsakiyar kara, ku dubi gaɓarshi ta farko, wadda ta manne da kara. Ku kwantar da ita jikin kuben da ta fito daga gindinshi. In gaɓar ta fi kuben tsawo, ta gona ce. In kuben ya fi ta tsawo, ta fadama ce. Wannan awo ya fi duka sauran tabbas, kuma ba ya bukatar komai sai ido. Bayan shi, ta fadama rassanta da rami a ciki, layukan karanta ba su da yawa, haƙoran kubenta baƙaƙe ne da farin gefe mai faɗi. Kuma ita ba ta da kara na farko daban. Zangarniyarta a kan koren kara take fita.

Yanzu ku dubi matsalar ƙunshi. In an yanka ciyawar gutsi-gutsi kuna iya ganin gaɓa da layuka, ku san lalle dangin ne. In an niƙa ta gari, ba mai iya raba ta gona da ta fadama da ido, ko ni ko ku ko mai saidawa. Ƙunshin da ba a rubuta Equisetum arvense a bayanshi ba, a ganina ba abin saye ba ne.

A Afirka akwai wata daga cikin dangin, Equisetum ramosissimum, a bakin ruwa a ƙasashen arewa, da Habasha, da gabas har kudancin Afirka. Ita ma zangarniyarta a kan koren kara take, da ɗan tsini, kuma ramin tsakiyar karanta yana da faɗi.

Sai kuma wani icce da ke ruɗa mutane. Waɗanda suka je ci-rani Lome, Kotonu ko Abijan sun ga filawo a bakin teku, mai rassa sirara kamar gashi. A Senegal an dasa shi tsakanin Dakar da Sanluwi don tare rairayi. In kun ja reshenshi yana zarewa kan gaɓa, da ƴan haƙora, kamar wutsiyar doki sak. Har sunanshi na latinanci, Casuarina equisetifolia, yana nufin mai ganye irin nata. Amma kama ce kawai, ba dangantaka. Filawo icce ne mai katako da ɗiya. Dafa rassanshi ba zai ba ku abin da takarda ta faɗa ba.

AMFANINTA DA ILLARTA

A 2014 Tarayyar Turai ta yarda manoma su yi amfani da ruwanta don kare shuka daga wasu ciwon ganye da laima ke kawowa, a kan tufa, inabi, kokwamba da tumatir. Ana jiƙa garam 200 na busasshiyar ciyawa cikin litir 10 na ruwa minti 30, a tafasa minti 45, a tace, a ƙara ruwa har ya ninka sau 10, a fesa kafin kwana ɗaya ya cika. Rigakafi ne, ana fesawa tun ciwo bai kama ba. Ba ya tada shukar da ta riga ta kwanta, kuma ba maganin ƙwari ba ne. Tsutsar tumatir da fara ba ruwansu da shi. Manomin Faransa a bakin gonarshi yake yankar ciyawar kyauta, shi ya sa abin ya yi mishi sauƙi. Ku da za ku saye ta da kuɗi daga ƙetaren teku, lissafin bai fita. Ba shuka tazara don iska ta ratsa, ban ruwa a gindi ba a kan ganye ba, cire ganyen da ya kamu a ƙone shi, waɗannan sun fi muku araha. Don ƙwari kuwa ga ɗiyan bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gida.

Shayinta a Turai ana shan shi ne don ƙara fitsari. Hukumar magunguna ta can ta ce kada mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda mai tsanani ya sha, kuma ba a ba mai ciki, mai shayarwa da yaron da bai kai shekara 12 ba. Wanda ƙafarshi ke kumbura, asibiti ya kamata ya nufa.

Abin mamaki, ciyawar da ke ɗauke da sunan doki, doki ta fi cuta. Ko ta gonar tana da wani sinadari da ke lalata bitamin B1 a jikinshi. In ta kai kashi 1 cikin 5 na harawar da yake ci, cikin sati 2 zuwa 5 sai ya fara rama, yana tangaɗi, ƙafafun baya su yi rauni, har ya kwanta. In an gane da wuri, a canza mishi ci, likitan dabbobi ya yi mishi allurar bitamin B1, yana tashi. Shanu da tumaki ba su cika jin wannan ba, domin tumbinsu yana yi musu bitamin ɗin.

Kafin mu rufe, ga wani abin da ya haɗa ta da ƙasarmu. Masana duwatsu sun ƙiyasta danginta sun fi shekara miliyan 300 a duniya. A wancan zamani wasu kakanninta itatuwa ne da suka kai metir 20, gaɓa-gaɓa kamar ita, cikin manyan fadamu. Dazuzzukan wancan zamani da ƙasa ta binne su ne suka zama gawayin ƙasa. Gawayin da ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, wanda aka fara tada wutar lantarki da shi a 1981, na wannan tsohon zamani ne.

Busasshiyar da ke cikin ƙunshi ba ta tsiro. Ɗanyar saiwa ita ce abin tsoro. A da ƙasar Niyu Zilan ba ta da wutsiyar doki. An fara ganinta can a shekarun 1920, ta bi ruwan gulabe ta shiga makiyaya da gonaki, har a 2017 sai da aka saki wani ƙwaro da aka ɗauko daga Turai don ya riƙa cin ta. Tudunmu ya fi ƙarfinta, amma garka da filin ban ruwa ba su bushewa. Kada kowa ya karɓi ɗanyar saiwa daga baƙo don ya gwada dasawa.

In kuwa wata rana kun ga ciyawa mai gaɓa-gaɓa, mai rami a ciki, mai kaushi, marar ganye, a bakin rijiya ko gefen hanyar ruwa, kada ku nome ta da hauya. Ku tono ta da saiwarta, ku shimfiɗa ta tsakanin takardu biyu, ku ɗora mata dutse ta bushe. Ku rubuta sunan wurin da watan da kuka gan ta, ku kai ma malamin gona na gundumarku.